Fitsari ya hana ni sakat, matata kuma tana ganin ƙyamarta nake yi

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, na kai inda ban san gaba ba ban san baya ba. Na daɗe ina karanta wannan fili naki, in ga damuwar mutane in girgiza kai, ban taɓa kawowa a raina ni ma wata rana zan rubuto ba. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Magana ce da namiji ba ya son ta fito daga bakinsa ko a gaban amininsa, balle a gaban mace. Amma na ji kin taɓa cewa kin yi shekaru kina aikin jinya a ɗakin maza, to na san ba abin da idonki bai gani ba. Roƙona kada a buga sunana.

Ni magidanci ne, shekaruna sun doshi sittin. Aikina tuƙa injin ɗaga kaya a wurin ginin benaye, dogon nan da ake hangowa daga nesa yana juyi da hannu ɗaya. Da safe nakan hau tsanin ƙarfen da ke jikinsa har ƙololuwa, in shiga wani ɗan ɗakin gilashi da bai fi ya ɗauki kujera ɗaya ba. Daga nan nake ɗaga rodi da bulo da bokitin kankare, mai ba ni hannu yana can ƙasa da rediyon oba-oba. Wanda ya hau ba ya saukowa sai lokacin cin abinci, don hawa da sauka kaɗai aiki ne. Na haura shekara ashirin a kan wannan kujera, ban taɓa sakin kaya a kan ɗan kowa ba.

Matata ɗaya ce, tun da ƙuruciya muke tare. 'Ya'yanmu huɗu, biyu sun yi aure. Shekara biyu da suka wuce aka same ta da ciwon daji a nono, aka cire na hagu. Gwaggo, ba sai na ba ki labarin wannan wahala ba, kin fi ni sani. Gashinta ya zube, ta rame ta yi baƙi, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ni nake yi mata wanka, ni nake wanke mikin in sa sabon bandeji, don ba ta yarda yara su gani ba. Allah ya taimake mu ta tashi. Na faɗi wannan ne don ki san babu lungu a jikin matar nan da idona bai gani ba a lokacin da ya fi muni, kuma wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta tashi ba.

Tun tana kwance fitsari ya fara yi mini wasa, ban ba shi muhimmanci ba, hankalina yana kanta. Sai in ji ya matse ni kamar zai zubo, in na je kuma in tsaya ina jira, ina yunƙuri, daga baya ya fito siriri yana yankewa. In gama, in ɗaure wando, in ji kamar ban yi ba. Da dare ba na haɗa barcin kirki, ina kan hanyar banɗaki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗigon da ke biyo baya. In yi tsarki, in yi alwala, ina miƙewa in ji ɗumi a cinyata. Akwai ranar da na sake alwala har na gaji, na zauna a bakin famfo ina kallon ƙafafuna.

A wurin aiki ba dama in riƙa saukowa, sai na fara hawa da gorar roba. In na ji matsi sai in tsayar da kaya a sama, in ce wa mai ba ni hannu iska ta yi ƙarfi a dakata. Ba a daɗe ba yaran suka gano ni, don suna ganin gorar da nake saukowa da ita a leda. Suka laƙa mini Baba Mai Gora. Wani ma ya ce in ana neman ruwan kwaɓa siminti a daina wahalar kiran tanka, a ɗaga kai sama kawai. Na yi dariya tare da su, me zan yi? Daga ranar na daina shan ruwa in zan hau. In wuni cikin gilashin nan rana tana dukana, harshena kamar katako, fitsarin ya koma ja yana wari, kuma duk da haka bai bar ni ba.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Duk tsawon jinyarta ban kusance ta ba, kuma ban damu ba. Na dai lura ƙarfin da nake tashi da shi da asuba ya daina zuwa, na ce gajiya ce. Bayan ta warware, wata rana da hantsi ina hutu, yara sun tafi makaranta, sai ta yi wanka ta sa turare ta zo ta zauna kusa da ni a bakin gado. Ita da ko canza kaya ba ta yi a gabana tun da miki ya warke, ranar da kanta ta cire riga. Na san abin da wannan ya ci mata kafin ta iya. Na rungume ta, zuciyata tana so, raina yana so, amma jikina ya yi shiru kamar ba nawa ba. Na yi iya ƙoƙarina, gumi ya karyo mini, ba labari. Ta jawo rigarta ta mayar, ta ce, "Ba komai, Baban yara. Na gane." Ta fita ta hau wanke-wanke.

Na so in ce mata ba abin da ta gane ba ne, bakina ya ƙi buɗuwa. Mun sake gwadawa bayan wasu makonni, abin ya fi na farko muni, don tun kafin in taɓa ta tsoro ya riga ya cika ni. Daga nan na kwashe shimfiɗata na koma falo. Na ce mata don kada yawan tashina ya riƙa katse mata barci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗaya gaskiyar ita ce ba na son ta ji warin da nake ji a jikina, ba na kuma son ta sake miƙo hannu in ba ta kunya. Wandunana na ciki da kaina nake wankewa, in shanya a bayan tankin ruwa inda ba ta zuwa.

Watannin baya mura ta kama ni, na sayi magani a kemis na sha kwana biyu. A rana ta uku ina sama fitsari ya tsaya cak. Mara ta kumbura ta yi tauri kamar an cusa dutse, ko ɗigo ya ƙi fita. Yadda na sauko daga tsanin nan Allah kaɗai ya sani. Foman ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, shi ne ya sa ni a motarsa ya kai ni asibiti, aka zura mini roba, jaka ta cika nan take. Na yi hawaye a gaban wata 'yar nas da ba ta kai sa'ar 'yata ba. Likita ya duba ni ya ce wani ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsara, wai shi furostet, ya girma ya matse hanya. Aka bar robar a jikina na wasu kwanaki. Ban koma gida da ita ba. Na buga wa matata waya na ce an tura mu aiki wani gari, na kwanta a ɗakin maigadin wurin aiki da jakar fitsari ɗaure a ƙafata har aka cire.

Likitan ya rubuta mini ƙwaya ta kullum, ya ce in dawo a ɗebi jini a yi hoto, har ya ambaci aiki in magani bai yi ba. Ban koma ba. Yayana da muke ciki ɗaya da fitsari nasa ya fara, aka ce daji ne a wannan wurin, ya shiga ƙashi, ya rasu yana ihun baya. Ni na riƙe shi. Gidan da bai gama farfaɗowa daga daji ɗaya ba, ina zan kai musu na biyu? Kuma abokan aiki sun ce duk wanda aka yi wa aikin nan shi da mace sai kallo. Maganar raunin gabana kuwa ko da wasa ban yi wa likitan ba, shi ma bai tambaya ba, layi ya yi tsawo a bayana.

Ƙwayar ta ɗan buɗe hanya, sai dai tana sa ni jiri in na miƙe da sauri. Ganin fitsari ya yi sauƙi sai na ce bari in gyara ɗaya ɓangaren. Na je wani kemis nesa da unguwarmu na sayi ƙwayar maza, mai shagon ya ce tana kwana biyu a jiki. Na sha da yamma, na yi wanka, na je ƙofar ɗakinta na ƙwanƙwasa kamar baƙo. Ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in tausayinta ne ya kawo ni in koma, ta sha tausayi a asibiti ya ishe ta. Ta mayar da ƙofa a hankali. Da ma ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai tsakiyar tsani sai duniya ta juya. Idona ya rufe, ƙafata ta zame, hannuwana kaɗai suka riƙe ni. Na manna goshi a jikin ƙarfe ina salati har duhun ya washe. Ba wanda ya lura. Na ƙarasa hawa na yi aikin ranar, kaya suna wucewa ta kan mutane. Tun ranar duk safiya sai na tsaya a gindin tsanin ina kallonsa kafin in sa ƙafa.

Babbar 'yarmu ta haihu, uwar ta tafi taya ta zama. An yi suna, jariri ya yi wayo, ba ta dawo ba. Ran nan na dawo daga aiki na tarar da 'yar tawa a tsakar gida tana jirana, goye da ɗan. Ko ruwa ba ta bari na sha ba ta durƙusa ta ce, "Baba, me Mama ta yi maka?" Ta ce uwarta ta faɗa mata cewa tun da aka yanke ta nake ƙyamarta, na gudu falo don kada in gan ta, har ƙaryar tafiya na yi, don wata maƙwabciya ta hango ni a bakin wurin aiki a kwanakin da na ce ba na gari. Ta ce Mama ta daina zuwa asibiti ranakun da ake duba ta, ƙwayar da aka ce ta riƙa sha ma ta ajiye, wai don wa za ta sha. Yarinyar tana kuka, ni ina tsaye da hular kwano a hannu. Ta yaya uba zai dubi 'yarsa ya faɗa mata abin da ke damunsa? Na ce mata ta je, zan zo. Yau kusan mako biyu ban je ba.

Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya kada ki ɓoye. Fitsarin ne ya kashe mini gaba, ko ciwo biyu ne suka haɗu a kaina? Hanyar yayana na ɗauka? In na yarda aka yi aikin, shi ke nan na gama? Aikin injin kuma shi ne abincin gidana, in na buɗe baki za su ce na tsufa su sallame ni. Ita kuma, in na faɗa mata, na ɗora mata wani ciwon a kan nata, in na yi shiru tana can tana barin magani saboda ni. Wani lokacin in ina sama ina kallon mutane ƙanana a ƙasa sai in ji da ma ban kai wannan shekaru ba. Ki taimake ni.

Naku,
Mai Aiki a Sama

*

Malam Mai Aiki a Sama,

Na karanta wasiƙarka, kuma kafin in ce komai a kan fitsari ko shimfiɗa, ga abin da ba ya jira: gobe kada ka hau tsanin nan. Mutumin da idonsa ya rufe a tsakiyar tsani, ga ƙishirwa ga rashin barci, bai kamata ya riƙe kaya a kan 'ya'yan mutane ba. Ka samu foman ɗinka, shi da ya ɗauke ka a motarsa ya riga ya san rabin labarin. Ka ce masa maganin da aka ba ka yana sa ka jiri, kana neman aikin ƙasa ko hutun jinya har likita ya daidaita shi. Ba sai ka faɗa masa sauran ba. Na san tsoron sallama, ba kuma zan yi maka alkawarin ba za ta faru ba. Amma wanda aka sallama yana iya neman wani aikin da ƙafarsa.

Jirin nan yana da dalili. Irin ƙwayar da aka fi bayarwa don buɗe hanyar fitsari tana sassauta jijiyoyin jini, ƙwayar maza ma haka take yi. Ka haɗa su biyu ba da sanin likita ba, a jikin da ka hana ruwa, jininka ya faɗi. Ka bar ƙwayar mazan da ka saya a kemis daga yau. Ta likita kuwa kada ka yanke ta da kanka, fitsarin zai iya sake tsayawa. Ka koma ka faɗa masa tana sa ka jiri da kuma irin aikin da kake yi, akwai canjin lokacin sha, akwai canjin maganin kansa.

Ka tambaya ko ciwo ɗaya ne ko biyu. Maƙwabta ne, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Furostet yana zagaye da bututun fitsari daidai inda ya baro mafitsara. Yawancin maza in shekaru suka ja sai ya girma ya matse bututun, shi ne jira da yunƙuri da ɗigon da ka lissafa. Ba wai girman ne yake danne gaba kai tsaye ba. Jijiyoyin jini da na saƙo da ke aiki a wannan yanki kusan ɗaya ne, abin da ya gajiyar da su a nan yakan gajiyar da su a can: shekaru, hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba. Shi ya sa mazan da fitsari ya fi takura wa su ne suka fi kawo kukan rauni. Ka ɗora rashin barci a kai, ka ɗora shekara biyu na fargabar rasa mata, ka ɗora tsoron kada a sake jin kunya. Ko saurayi aka jibga wa wannan kaya sai ya durƙusa. Kuma tun da ka ce ƙarfin asuba ya ɗauke tun kafin ranar da ta cire riga, to jikinka ya ba da shaida cewa tabonta ba shi da laifi.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau. Raunin gaba a shekarunka wani lokaci shi ne gargaɗin farko cewa jijiyoyin zuciya ma sun fara ƙunci. Don haka in ka koma, a auna maka jini da suga, a saurari zuciya. Kuma ka faɗi maganar da bakinka tun kafin ka zauna, kada ka jira a tambaye ka. Na yi shekaru ina ganin maza suna zuwa da ciwo biyu su faɗi ɗaya su koma gida da ɗayan. Likita yana buƙatar sani, domin cikin magungunan furostet akwai mai rage sha'awa, akwai mai rage maniyyi, akwai kuma wanda ake sha kullum kaɗan-kaɗan yana taimakon fitsarin da ƙarfin gaba a lokaci ɗaya. Wanda ya dace da kai sai wanda ya auna ka ya san sauran magungunan da kake sha, musamman in akwai na zuciya.

Batun yayanka, Allah ya jiƙansa. Ba zan ce maka ka kwantar da hankali ba komai ba, don ban duba ka ba. Abin da na sani shi ne girman furostet daban, dajinsa daban, kuma girman ba ya rikiɗa ya zama daji. Mafi yawan masu irin alamunka girman ne kawai. Sai dai wanda ɗan'uwansa na jini ya yi wannan daji ya fi sauran mutane haɗari, saboda haka dalilin da ya hana ka komawa shi ne ainihin dalilin da ya sa dole ka koma. Wanda aka gano da wuri yana da magani, mutane suna shekaru masu yawa bayansa. Wanda ya shiga ƙashi, yawanci an daɗe ana jin tsoron asibiti ne. Ko ba daji, fitsarin da ke kwana a mafitsara yana iya komawa ya lalata ƙoda a hankali ba tare da ka ji ba.

Aikin kuma, abokanka sun ƙara gishiri. Wanda aka fi yi don girman furostet ta hanyar fitsari ake bi, a kankare abin da ya toshe, ba a tsaga ciki. Yawancin waɗanda aka yi wa suna ci gaba da kusantar iyalinsu kamar yadda suke kafin aikin. Abin da ya fi faruwa shi ne maniyyi ya riƙa komawa mafitsara maimakon ya fito, wannan yana rage haihuwa amma ba ya cutarwa. Kaɗan daga ciki sukan samu ƙarin rauni, ba zan ɓoye maka ba. Labaran da ake yaɗawa yawanci na babban aikin daji ne, shi ma ba kowa ba. Kuma ba a ce an yanke za a yi maka ba tukuna.

Kafin ka ga likita, ka koma shan ruwa da rana, ka rage shi in magariba ta yi. Ka sassauta shayi da kofi. Kada ka sake shan maganin mura ba ka ce kana da matsalar furostet ba, da alama shi ya tsayar maka da fitsari ran nan. Bayan ka gama fitsari ka ɗan jira, ka sa yatsa ta ƙarƙashin maraina ka tatso gaba a hankali, yana rage ɗigo, akwai kuma ƙyallen da ake sawa a wando don maza. Batun alwala ka tambayi malamin da ka yarda da shi, akwai sauƙin da aka yi wa mai irin lalurarka. In fitsari ya sake tsayawa, ko ka ga jini, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Yanzu matarka. Na fahimce ka. Mutumin da ya wanke miki da hannunsa ba mai gudu ba ne, kuma shirun da ka yi da niyyar tausayi ka yi shi, tare da kunyar da aka raini maza da ita. Amma ka tsaya a inda take tsaye. Mace ta rasa wani sashe na jikinta, ta tattara duk ƙarfin halin da ya rage mata ta cire riga a gaban mijinta, ba abin da ya faru, ba kuma wanda ya ce mata komai. Sai miji ya koma falo. Sai ya ce ya yi tafiya, aka gan shi a gari. Wace fassara kake so ta yi? Ka bar ta da tambaya, ta amsa wa kanta da abin da ta fi tsoro. Ita ma tana da nata laifin, ta yanke hukunci ba ta tambaya ba, ta rufe ƙofa ranar da ka ƙwanƙwasa, barin magani kuma kuskure ne babba da ba zan goyi bayansa ba. Sai dai kai kake riƙe da abin da zai warware wannan, ita ba ta da shi.

Kana tsoron ɗora mata ciwo. Ciwon da take ɗauke da shi yanzu, na cewa mijinta yana ƙyamarta, ya fi wanda za ka faɗa mata nauyi, kuma shi ne yake neman raba ta da maganin da ke tsare ranta. Ka je gidan 'yarka a cikin kwana biyun nan, da rana, ka nemi a ba ku wuri ku biyu. Ba sai ka tsara magana ba. Ka fara da robar da aka sa maka da ɗakin maigadin da ka kwanta, sauran zai biyo. Ka faɗa mata a fili cewa ranar nan kana so, jikinka ne ya ƙi, kuma ya fara ƙi tun tana kwance. Wataƙila ta yi fushi cewa ka ɓoye mata, tana da hakki, ka bar ta ta yi. Wataƙila ba za ta biyo ka gida ranar ba. Kada ka nemi komai a wurinta sai abu ɗaya, ta koma asibiti ta ci gaba da ƙwayarta, kai ka raka ta, ita ma ta raka ka naka. 'Yarka kuwa ya ishe ta ta ji cewa Baba ba shi da lafiya, yana ganin likita, kuma Mama ba ta yi laifin komai ba.

In Allah ya sa ta dawo, ka mayar da shimfiɗarka ɗaki. Ku ajiye maganar gwaji gefe na wani lokaci, ku kwanta kusa da juna kawai, ba wanda yake jiran wani abu daga wani. Ƙarfin yana iya dawowa da magani, yana iya dawowa rabi, ba ni da tabbas. Amma ba rashinsa ne ya kai ta gidan 'yarta ba.

Maganar da ka rufe da ita, ta cewa da ma ba ka kai wannan shekaru ba, ban wuce ta ba. Ita ma ka faɗa wa likita, kuma ka samu mutum ɗaya da ka amince da shi ka faɗa masa yau. In tunanin ya yi nauyi, kada ka zauna kai kaɗai, kada kuma ka kusanci injin.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba maiɗakinka lafiya mai ɗorewa, ya sa abin da za a gani a gwajin ya zo da sauƙi, ya kuma ba ka ƙarfin bakin da za ka yi mata magana.

Taku,
Gwaggo